Kwana Biyu a Gona da Ƴan Yaranmu

Ƴan uwa mata, duk ƙungiyar da ke da gonar haɗin gwiwa ta san gardamar da ke tashi idan kaka ta yi. An tuge gujiya an shanya, an yanke hatsi an ɗaure, ba a kai ga kwasowa gida ba. Hukuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba, amma dabbobi sun fara matsowa bakin burtali. Dole a samu masu kwana a wurin. To, su wa? A ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara a nan Dogondutsi, amsar guda ce tun da muka kama gonar: marasa ƙananan yara su tafi, masu yara su biya kuɗin fansa. Sai ya zama kullum mata huɗu ne ke shan sanyi, sauran kuma kullum suna ciro kuɗi daga ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Masu tafiya na ƙorafi, masu biya na ƙorafi.

Bana muka ce a gwada tafiya da yaran. Mu shida muka tafi, da mijin shugabarmu, da yara uku: yarinya mai shekara 4, yaro mai 6, da wata mai 9. Babu ɗayansu da ya taɓa kwana a wajen gari, haka ma biyu daga cikin uwayen. Kakanninmu da sun ji wannan da sun yi mana dariya, su da ke tarewa a tunga damina guda da goyo a baya. Amma su suna da bukka, suna da rijiyar da suka sani, sun san kowane kurmi da abin da ke cikinsa. Abin da suke yi ba tare da tunani ba, mu sai da muka zauna muka lissafa shi kamar ranar rabon asusu.

Mun fara da kaya, kuma a kaya ruwa ne sarki. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, bido mai lita 20 kuwa ya fi yarinyar nan mai shekara 4 nauyi. Don haka muka ɗauki hayar amalanken jaki daga kuɗin taimako na ƙungiya, ya ɗauki bido, tabarmi, tukunya da sange. Mu kuma kowace ta saka nata a jakar lakkwal ta rataya. Kaya a ka mun iya shi tun muna ƴan mata, babu mai koya mana. Sai dai yaro in ya gaji, hannunki yake nema, wani lokaci bayanki, kuma mace ba ta goyo da ƙunshi a ka cikin rairayi ta yi nisa. Jaka ana iya juyo ta gaba. Yaran ma kowa muka ba shi ɗan abin da zai riƙe, gorar ruwansa da ƙuli-ƙuli, don yaro in ba shi da kaya gani yake ba a ƙidaya shi cikin matafiya ba.

Gonar tana kudu da gari ta wajen Kiyeshe, tafiyar da mu kaɗai muke yi a awa ɗaya da rabi. Da yara awa uku muka yi, alhali tun bayan sallar asuba muka tashi. Ƙarangiya ce ta fara tsayar da mu. Wanda ke da takalmi rufaffe ya wuce, mai silifa kuwa sai an zauna an cire masa ɗaya ɗaya. Daga nan gidan tururuwa, daga nan ƙadangare, daga nan wani tsuntsu. Wata cikinmu ta fara faɗa rana na yi, sai babbarmu, wadda duk muke kira Inna, ta ce: "Ke ƙyale su. Mi munka kawo su yi in ba wanga ba?" A wani tudu yaran suka waiwaya suka hango dutsen da garinmu ya samo suna daga gare shi. Kullum a gindinsa suke, ba su taɓa ganinsa daga nesa ba. Sun daɗe suna gardamar ko shi ne.

Zaɓen wurin kwana shi ne inda muka fi saurarar Inna, kuma a nan muke so ku tsaya da kyau. Ba a shimfiɗa kusa da tarin dammunan hatsi, ko da su aka zo gadi, domin ɓera na bin hatsi, maciji kuma na bin ɓera. Ba a kwana a kwari kusa da tabki saboda sauro, ba a kwana cikin burtali. Mun samu ɗan tudu inda ake hango amfanin gonar, muka share ciyawa har rairayi ya fito fes, muka kafa itace huɗu huɗu muka ɗaura sange, muka tura bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Sangen nan ba sauro kaɗai yake tarewa ba, har kunama. Takalma a cikin buhu suka kwana, da safe kuma sai an kakkaɓe kafin ƙafa ta shiga. Wurin murhu ma mun share shi da faɗi, don ciyawar Oktoba ta bushe, tartsatsi guda ya isa ya cinye wahalar shekara. Da an gama girki sai a binne garwashin da ƙasa.

A fadamar Dallol Mawri ruwa ba shi da nisa a ƙasa, rijiyoyi gajeru suna nan ko'ina, da yawa babu murfi babu kewaye. Alheri ne ga mai lambu, amma ga uwa abin tsoro ne. Doka ta farko da muka kafa wa yaran ke nan: babu mai zuwa bakin rijiya sai da babba. Ruwan kuma ba mu ba su shi haka nan ba. Da na gida ya ƙare, mun tace na rijiya da ƙyalle mai tsabta, muka saka ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, muka jira minti 30. Mun tafi da ƙunshin garin gishiri da sukari na likita, wanda ake damawa a lita guda in zawo ya kama yaro. Ƙaramar ta sha maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, amma wannan bai ɗauke mata sange ba, balle manyan biyu da shekarunsu suka wuce.

Mun kuma yi shawara tun a gida, don kada a tsaya gardama cikin dare: jikin yaro ya yi zafi, an juya gida a lokacin, ba a jiran safiya. In maciji ne, Allah ya kiyaye, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau. A hana ƙafar motsi a nufi likita. Shi ya sa amalanken ya kwana tare da mu, kuma waya guda muka kashe muka ajiye da cajinta, da lambar wani ɗan kabu-kabu a ciki. Alhamdu lillahi ba mu buƙace su ba.

Tsakanin magariba da isha'i ne lokaci mai wuya. Da duhu ya rufe, yaron ya dubi ko'ina ya ce: "Inna, nan ma an ɗauke wuta?" Muka yi ta dariya. Ƙaramar kuwa kuka ta sa, gida take so, kukan gyare da na kwaɗi sun yi mata yawa. Ba a yi mata tsawa ba. Uwarta ta shiga sange da ita, Inna ta ɗauko gatanan gatanan ku, aka nuna musu kaza da ƴaƴanta suna fitowa ta gabas. Kafin a kai ƙurunƙus ta yi barci. Dare na biyu ita ta fara nemo kazar. Sanyin asuba kuma kada ku raina shi don kun bar zafi a gari. A fili yake sauka, hula da safa da zane mai kauri sun yi mana rana.

Da hantsi muna aiki suna biye da mu. Sun koyi magarya da aduwa da sabara, sun koyi cewa ruwan tumfafiya ba ya zuwa kusa da ido, ƴaƴan zaƙami kuma ko taɓawa ba a yi. Mai shekara 9 ta yi kalar gujiya har ta cika tiya, muka yanke cewa tata ce, ba ta ƙungiya ba.

Wani abu da ya yi mana rabin gadin: tun ranar farko mun je rugar da ke kusa mun gaisa, mun faɗi kwana nawa za mu yi. Washegari wata baiwar Allah ta kawo wa yaran nono, muka ba ta gujiya. Ko akuya guda ba ta shigo mana ba.

Ba mu ce kowa ta ɗauki ɗanta ba. Mai jariri, mai tsohon ciki, da wadda yaronta bai daɗe da tashi daga ciwo ba, a ganinmu su zauna gida kuma kada a karɓi kuɗin fansa a hannunsu. Ƴan uwa daga Koren Mairuwa da Tibiri sun tambaye mu ko za a iya haɗa yara a kai su Lugu, garin Sarauniya da ta tari sojan Faransa a 1899. Muna son ranar ta zo. Amma ba da ita ake farawa ba: akwai nisa, kuma zamanin nan ba kowane daji ake kwana ba, sai an tambayi maigari da hukuma halin hanya. Mu ma gonarmu da ke kusa, sai da mazajenmu suka amince, mai unguwa kuma ya san inda muke da ranar dawowarmu.

A zubin da ya biyo baya ƙungiya ta sayi sange uku, cocila biyu da bido biyu, suna hannun ma'ajiya, mai layin kwana ta karɓa ta sa hannu ta maido. Layi na gaba na tsinkar wake ne, ranar Juma'a bayan an tashi lakkwal. Mata biyar suka rubuta suna, da yara huɗu.