Shafen Ɗaki da Zaman Gida

A cikin birnin Zazzau an yi wani magidanci wanda ya gaji gidan ƙasa daga mahaifinsa. Gidan ba wani babba ba ne, amma ginin mutanen dā ne, na tubali da azara. Daga waje zaure ne, sai shigifa, daga nan turakar maigida, sa'an nan cikin gida inda ɗakuna biyu su ke fuskantar juna. Ɗaya uwargida ke ciki da 'ya'yanta, ɗayan kuwa an mai da shi ma'ajiyar hatsi da tarkace. Shekara 14 su na tare da matar nan, ba a taɓa jin kansu ba. Da Allah ya ɗan buɗa masa sai ya nemi ƙarin aure, aka ba shi, aka sa rana a ƙarshen damina. To, daga nan ne maganar gyaran ɗaki ta taso, kuma a kanta ne ya koyi abin da bai sani ba game da bango, da kuma game da gidansa.

Kowa ya san Zazzau ba baƙuwar ado ba ce. A nan ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya ɗaure rufinsa da bakan gizo, ya yi wa ginshiƙansa zane. Magina da su ka biyo bayansa sun riƙe wannan sana'a. Sun san azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, saboda haka in a na son babban ɗaki sai a yi ɗaurin guga, a liƙa tasa ko faranti a tsakiya inda bakunan su ka haɗu. Sun san makuba, wadda a kan samu daga ɓawon ɗorawa, sun san laso, wanda a kan haɗa da katsin marina da gashin jima da dafara don tare ruwa a kan soro. Wannan duk aikin maza ne. Amma cikin ɗaki na mata ne. Su ke yin daɓe da madaɓi, su ke kwaɓa farar ƙasa su shafe bango da tsumma, su ja jar ƙasa a gindinsa, sa'an nan a kawo jere a ɗora. Kowace shekara, in salla ta matso, a kan sāke.

Magidancin nan ya tashi ya ga duk wannan da idonsa, amma yanzu sai ya ga kamar abin ƙauye ne. Ya shiga gidan wani abokinsa mai ginin siminti ya ga bango na ƙyalli da fentin mai, sai ya ƙudurta a ransa lalle irin wannan za a yi wa amarya. Ya aika aka kira wani tsohon magini, wanda shi ke yi wa mahaifinsa yaɓe tun ya na yaro.

Tsohon ya zo, ya shiga ɗakin, ya dafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya fita ya dubi indararo. Sa'an nan ya ce, "Malam, kwana nawa ya rage?"

Ya ce, "Kwana 12, Baba."

Tsoho ya ce, "To, ba ya yiwuwa. Bangon nan ya sha ruwa wata huɗu, har yanzu da sanyi a cikinsa. Ga shi kuma soro na yoyo ta kusurwar gabas. In ka bi shawarata, a toshe soro, a yi yaɓe, a shafa farar ƙasa, amarya ta tare. In rani ya yi, bango ya bushe, sai mu yi duk abin da ka ke so."

Maigida ya ce ai shi ba ya son a ce ya kai 'yar mutane ɗakin farar ƙasa. Tsoho ya yi shiru, can ya ce, "Ɗakin uwargida fa, me za a yi masa?" Maigida ya ce wannan sai daga baya, kuɗin ba su kai ba. Tsoho ya ɗauki sandarsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma ka nemi wani, ni ba na sa hannu."

Ya kuwa nemi wani. Aka sami wani saurayi mai saurin hannu, ya watsa siminti a kan bangon ƙasa, bayan kwana uku ya bi shi da fentin mai kore, shafe biyu a yini guda. Ɗaki ya yi kyau ƙwarai, ba mai musu. Mata 'yan kawo amarya su ka yi ta yabo, aka jera kwalla da tangaran har kusa da rufi. Duk kuɗin da maigida ya tanada sun ƙare a ɗakin nan, har da ɗan bashi a kai.

Uwargida ba ta ce kome ba. Ita ta dafa abincin biki, ita ta karɓi baƙi. Amma ɗakinta na nan yadda ya ke, hayaƙin fitila da na turare sun mai da bango ruwan toka, ga tsaga ta sauko daga taga har ƙasa. Kowane baƙo ya shigo cikin gida sai ya dubi dama ya dubi hagu, ba sai an gaya masa kome ba. Wannan kallo ya fi kome yi mata ciwo. Da kwana bakwai su ka wuce sai ta ba babbar 'yarta kuɗin ƙuli-ƙulin da ta ke sayarwa, aka sayo mata farar ƙasa da bula. Ta jiƙa, ta tace, ta zuba ɗan ƙaro don kada ta riƙa bin tufafi, ta toshe tsagar da ƙasa, ta shafe ɗakinta da hannunta. Maigida ya dawo daga aiki ya tarad da ita a kan turmi, farar ƙasa har gwiwar hannu. Ya ce, "Ai da kin bari na samo mai yi." Ta ce, "Ba kome, Malam, na saba." Daga ran nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ba a yi wata biyu ba sai bangon amarya ya fara magana. Da fari warin fenti ne ya hana ta barci, domin ɗakin taga ɗaya gare shi, ƙarama. Sa'an nan fenti ya soma kumbura kamar bororo, in an taɓa ya fashe, wani farin gari kamar gishiri ya fito. Dalilin kuwa a fili ya ke ga wanda ya san aikin. Fentin mai fata ya ke yi wa bango, ba ya barin damshi ya fita, alhali farar ƙasa na barin bango ya sha iska. Sabon siminti kuma ya na da kaifi mai cin fentin mai, shi ya sa a kan bar shi kamar mako huɗu kafin a shafa masa kome. Har wa yau ƙasa da siminti ba tafiyarsu ɗaya ba: ƙasa ta kan kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuwa a sandare ya ke, saboda haka in ba a yi dabarar kama shi ba sai su rabu, ya zama ɓawo kawai a tsaye. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji ya na amsawa kamar ganga.

Ran nan da tsakar dare, hunturu ya kankama, sai aka ji rugum! Falle guda na siminti ya ɓalle daga kusurwar gabas, ya faɗo a kan jere. Tangaran su ka tarwatse, amarya ta fito da gudu ta na salati. Allah ya kiyaye, gadon na ɗaya gefen. Wadda ta fara isa wurinta da fitila ita ce uwargida. Ta kama hannunta ta ce, "Zo mu je, ba kya kwana a nan." Amarya ta ce, "Yaya, kayan da uwata ta yi shekaru ta na tarawa ke nan." Uwargida ta ce, "Kaya a kan sāke su. Ke dai gode wa Allah." A ɗakin farar ƙasar nan amarya ta kwana har mako shida.

Da gari ya waye maigida ya tafi gidan tsohon magini, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru. Tsoho bai yi masa gori ba. Ya ce, "Malam, bango ba ya ƙarya. Yanzu ka samo takarda da alƙalami, mu yi abin da ya kamata mu yi tun farko."

Abin da su ka fara shi ne zagaya gidan duka, ɗaki ɗaki, su na rubuta aibin kowanne. Tsoho ya ce gyara daga sama ya ke farawa: soro da indararo tukuna, sa'an nan tsaga da ramin gara, sa'an nan yaɓe, shafe shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da shafe ya yi wa kura kwalliya. Aka ɓamɓare sauran simintin, aka bar bango ya sha iskar rani, aka yi masa yaɓen ƙasa mai laushi, aka goge shi sumul.

Sa'an nan aka yi awo, domin kada a sayi abin da ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Ɗakin amarya ƙafa 12 ne kowane gefe, tsayinsa ƙafa 10. Kewayensa ƙafa 48 ke nan, in an riɓa da 10 a sami murabba'in ƙafa 480. A cire ƙofa da taga, saura kamar 440. Galan guda na fenti ya kan rufe wajen murabba'in ƙafa 400 a kan bango mai santsi, shafe ɗaya, sabon yaɓe kuwa ya fi haka sha. Tun da shafe biyu a ke yi, ɗaki guda na bukatar kusan galan uku. Da maigida ya lissafa na ɗakuna biyu da turaka da zaure, sai ya ga aljihunsa ba ya ɗauka. Nan ne tsoho ya nuna masa cewa ba kowane wuri ke son abu ɗaya ba. Bangon ƙasa farar ƙasa ce tasa. Fentin ruwa na bangon siminti ne, irin na turakarsa da aka gina daga baya. Fentin mai kuwa a bar wa ƙyaure da taga da duk katako ko ƙarfe, inda hannu ke yawan taɓawa kuma a ke son a riƙa wankewa.

Game da launi ma akwai hikima. Ɗaki mai ƙaramar taga fari ya ke so, ko ruwan madara, domin su ke mai da haske, ɗakin ya yi kamar ya ƙara faɗi. Launi mai duhu ya kan cinye hasken fitila. Amma gindin bango, kamar kamu biyu daga ƙasa, gara a yi masa ja ko wani mai duhu, saboda jingina da hannun yara da tsintsiya. Zaure, da ya ke shi ne fuskar gida, shi a kan yi wa zane, ko dagi ne a bisa ƙofa. A fara da rufi a sauko, a bar shafen farko ya bushe sarai kafin na biyu, kuma kada a taɓa fentin mai ranar da hazo ya sauko, don ƙura za ta manne masa.

Akwai kuma abu guda da ya wajaba a kiyaye wajen kankare tsohon fenti. Fentin mai da yawa, musamman na dā, da dalma a cikinsa, ƙurarta kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya auku a Zamfara a 2010 ya isa ishara, inda yara sama da 400 su ka rasu. Ba fenti ya jawo wannan ba, dutsen zinariya ne mai dalma da a ke niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka a jiƙa wuri kafin a kankare, a fitar da yara da mai ciki, a kwashe ɓarɓashin a kai nesa, a bar ƙofa da taga a buɗe.

Da aka gama lissafi, sai tsoho ya sāke yin tambayar da ya yi tun farko: da wane ɗaki za a fara? Wannan karon maigida bai amsa ba sai da ya shiga cikin gida. Ya sami uwargida ta na tankaɗe, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Na yi miki ba daidai ba. Malamai sun gaya mana adalci tsakanin mata ya haɗa har da wurin kwana, na sani, na take. Ki yafe mini." Ta daɗe ba ta ɗaga kai ba. Sa'an nan ta ce, "Malam, ni ba fenti na ke nema ba. Da ka shigo ka tambaye ni, ko ka ce mini babu, da na ce a yi wa yarinya, ni na jira. Abin da ya dame ni, shekara 14 ina cikin ɗakin nan, ba ka ko ɗaga kai ka dubi bangonsa ba." Ya ce gaskiya ne. Ta ce ta yafe, amma a fara da na amarya, tun da ita ce ba ta da wurin kwana.

Haka aka yi. Kuɗin da ya samu ya raba biyu daidai, kowacce ta zaɓi abin da ta ke so. Amarya ta ce fari da gindi kore, uwargida ta ce a ƙara mata bula, gindi kuwa ja irin na ɗakin uwarta. Su biyu su ka yi daɓen, 'yan matan maƙwabta su ka taya su. Zaure da turaka sai da wata shekara ta kewayo sa'an nan aka kai gare su, domin bashin farko sai da ya ci wata bakwai kafin ya biya shi. Tangaran ɗin kuwa, ɗaya ɗaya ya riƙa sayowa, bai taɓa cike adadinsu ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda zai gyara ɗakunan gidansa, to, ya fara duban soro, ya jira lokaci, ya yi awo, ya san abin da bangonsa ke ɗauka. Kafin duk wannan kuma ya zauna da waɗanda ke kwana a cikin ɗakunan ya ji ta bakinsu, domin su za su buɗe ido kowace safiya su ga abin da aka shafa. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.