Rosemary Sutcliff, Marubuciyar da Ba Ta Ɓoye wa Yara Ciwo Ba

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin talabijin ta mamaye gidajen Ingila, kasuwar littattafan yara masu ɗauke da labaran zamanin da tana ci sosai. Marubuta irin su Geoffrey Trease da Henry Treece duk sun yi tashe a lokacin. Amma wadda ta yi musu zarra, a ganina, mace ce da ta yi yawancin rayuwarta a kan keken guragu, Rosemary Sutcliff.

An haife ta a 1920 a yankin Surrey. Mahaifinta hafsan sojan ruwa ne, don haka ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a tsibirin Malta. Tun tana ƙarama wani ciwon gaɓoɓi mai tsanani ya kama ta, ya hana ta girma yadda ya kamata, ya sa ta yi ta jeka-ka-dawo a asibiti. Ba ta iya karatu ba sai da ta kai shekara tara. Kafin nan mahaifiyarta ce ke karanta mata tatsuniyoyin mutanen da da littattafan Rudyard Kipling, shi ya sa labari ya fara shigar ta ta kunne, kuma duk wanda ya karanta rubutunta da ƙarfi zai ji alamar haka. Tana da shekara 14 ta bar makaranta ta shiga koyon zane a garin Bideford, ta ƙware a zanen ƙananan hotunan fuskoki. Sai a 1950 littafinta na farko ya fito, a kan Robin Hood.

Wanda ya fito da sunanta shi ne The Eagle of the Ninth na 1954. Abu biyu ta haɗa ta gina shi: tsohon zancen da ke cewa runduna ta tara ta Romawa ta nausa arewacin Birtaniya wajen shekara ta 117 ba a sake jin ɗuriyarta ba, da kuma wata gaggafar tagulla marar fukafukai da aka tono a Silchester. Jarumin, Marcus, ɗan ɗaya daga cikin kwamandojin da suka ɓata ne. Bai daɗe da kama aikin soja ba aka ji masa mummunan rauni a ƙafa, aka sallame shi. Da ɗingishinsa ya ɓad da kama a matsayin mai maganin ciwon ido, ya ƙetare ganuwar Hadrian da Romawa suka gina tare da Esca, bawan da ya 'yanta, don ya nemo gaggafar da ke matsayin tutar rundunar, ya wanke sunan mahaifinsa. Daga baya masana sun samo alamun rundunar a Nijmegen ta ƙasar Holan, suka kuma ce gaggafar Silchester ba ta soja ba ce. Wannan bai rage wa littafin komai ba, har fim aka yi da shi a 2011.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take barin jarumanta da tabonsu. Marcus bai koma soja ba. Drem, yaron da ke cikin Warrior Scarlet na 1958, an haife shi da shanyayyen hannu a cikin ƙabilar da sai yaro ya kashe kerkeci shi kaɗai kafin a kira shi namiji, kuma har labarin ya ƙare hannun bai miƙe ba. Ita ta san ba kowane ciwo ne ke warkewa ba, ba ta kuma ga dalilin yi wa yara ƙarya a kan haka ba. A zamanin da ake yawan nuna musu nakasasshe a matsayin abin tausayi, ita ta miƙa masa mashi, ta bar shi da fushinsa da girman kansa kamar kowa.

The Lantern Bearers, wanda ya ci lambar Carnegie ta 1959, ya fi su nauyi. Sojojin Rum na ƙarshe suna shirin barin Birtaniya, sai wani matashin hafsa, Aquila, ya gudu daga rundunar saboda zuciyarsa ta ƙi rabuwa da ƙasar da aka haife shi. Ba a jima ba maharan Sakson suka faɗa wa gidansu, suka kashe mahaifinsa, suka tafi da 'yar'uwarsa Flavia, shi kuma ya faɗa bauta. Da ya same ta bayan shekaru, sai ya tarar tana auren ɗaya daga cikin maharan, har da ɗa. Ta taimaka masa ya tsere, amma ta ƙi bin sa. Sauran littafin a kan mutumin da baƙin ciki ya busar wa zuciya ne, da tsawon shekarun da ya ɗauka kafin ya iya sakin fuska ga matarsa da ɗansa. Kaɗan ne marubutan da za su amince yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗaukar wannan, ita kuwa ta amince, yaran kuma ba su ba ta kunya ba.

Akwai wani zobe mai koren dutse da hoton dabbar ruwan nan dolfin a jikinsa da ta riƙa bi da shi daga littafi zuwa littafi, zuriya ɗaya tana gadonsa tun zamanin Romawa. Da shi take nuna cewa masu mulki suna zuwa suna wucewa, jikokin waɗanda suka yi gaba kuma su wayi gari jini ɗaya.

Ta yi wa manya Sword at Sunset a 1963, ta ba da labarin ƙuruciyarta a Blue Remembered Hills a 1983, ba ta kuma ajiye alƙalami ba har rasuwarta a watan Yuli na 1992. Mai karatu, in kana da yaron da ke jin Turanci, fara masa da labarin Marcus, ka jinkirta na Aquila sai ya ɗan ƙara wayo.