Abin da Hannunka Ya Yi Shi Za Ka Rubuta

A kwanakin nan yaro ba ya zama ya rubuta takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda ake cewa CV. Shagon kwamfuta yake zuwa, a buɗe ta wani a goge suna a sa nasa, ko ya umarci manhajar wayarsa ta tsara masa. Shi ya sa mai ɗaukar aiki zai karanta takarda ɗari ya tarar kowa haziƙi ne, kowa mai aiki tuƙuru, kowa yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Mu da muka ga zamanin Udoji, lokacin da masaƙun Kaduna da kamfanonin Bompai ke neman ma'aikata ido rufe, ba mu sha wahalar neman aiki ba, don haka ba na ɗora wa yaran laifin ƙarancin aiki. Laifinsu ɗaya ne: sun manta cewa wannan takarda shaida ce, kuma duk layin da ba wanda zai iya tabbatar da shi nauyi ne kawai a kan mai ita.

Masu shekaruna sun tuna 1999. Salisu Buhari ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai yana matashi, cikin 'yan makonni aka gano ya ƙara wa kansa shekaru, digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi kuma babu shi, ya sauka yana hawaye. A 2018 Kemi Adeosun ta bar kujerar Ministar Kuɗi saboda takardar yafe bautar ƙasa ta jabu. Ta ce ba ta san jabu ba ce, wasu ne suka samo mata. To, a nan darasin ya fi ɗaci, domin takardar da wani ya haɗa maka, kai za ka amsa tambaya a kanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne tun can, balle yanzu da lambar NIN da ta BVN ke riƙe da ranar haihuwar mutum. Duk da haka sai ka ga saurayi ya garzaya kotu ya rantse ya zaftare shekara huɗu don banki ya ce ba ya son wanda ya manyanta, har ya zama a takarda ya gama firamare yana ɗan shekara bakwai. Wa yake yaudara?

Za a ce mini, Baba, ai aiki a ƙasar nan sai da hanya, wa ka sani ake tambaya, gurbi ma sayar da shi ake yi. Ban musa ba. Wanda ya ga yadda matasa suka cika filayen wasa a Maris na 2014 don jarrabawar hukumar shige da fice, har aka rasa rayuka a turmutsitsi, ba zai ce takarda mai kyau ta isa ba. Amma gwamnati ba ita kaɗai ke ɗaukar aiki ba. Mai makarantar kuɗi, da mai kamfanin sarrafa shinkafa, da ƙungiyar agaji, da aljihunsu ko da sunansu suke biyan kuskure, saboda haka suna karantawa. Ko mai hanyar ma, in yana da mutunci, yana so ya miƙa takardar da ba za ta kunyata shi ba.

Wani kuma zai ce bai taɓa aiki ba, me zai rubuta? Ya rubuta shekarar bautar ƙasa yadda take: makarantar da ya koyar, darasin da ya ɗauka, aji nawa, ɗalibai nawa. In ya riƙe littafin bashi a shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, aiki ne, ya faɗi shekara nawa da irin kayan. In ya koyi haɗa sola ko gyaran waya, ya ambaci wurin da maigidansa. A nan ne nake faɗa da namu yaran. An raine su da cewa yabon kai jahilci ne, sai su ɓoye abin da suka iya, su cika shafi da addini da ƙabila da sunan unguwa. Na ce kada a yi alfahari, yanzu kuma ina cewa kada a ji kunya, na sani. Faɗin abin da ka yi, da wuri da shekara, ba alfahari ba ne.

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa. Shafi ɗaya ko biyu sun wadatar, a fara da aiki na baya-bayan nan, a gyara takardar ta dace da kowane gurbi, a sa lambar waya mai shiga. Masu ba da shaida kuma, a daina jera sunan sanata ko kwamishinan da bai san fuskarka ba. Malamin da ya duba aikinka na kammala digiri, ko shugaban makarantar da ka yi wa hidima, ya fi su amfani, muddin ka nemi izininsa tun kafin a buga masa waya. Kafin ka miƙa, ka karanta kowane layi ka tambayi kanka: in aka ce in yi bayanin wannan a gaban mutum uku, zan iya? Wanda ba za ka iya ba, goge shi.