Ashe ni ne mai ɓarnar

Jama'a, bari in ba ku labarin gidana, wataƙila wani ya ƙaru.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin cefane ya daina isarmu. Mu takwas ne a gida nan Jajaye, kuma masara da dawa ni nake nomawa, amma kullum aljihu wayam. Rannan raina ya ɓaci, na ce wa maiɗakina ta cika ɓarna. Ba ta tanka ba. Da daddare sai ta miƙo min tsohon littafin yaro ta ce, "Malam, ka rubuta duk abin da aka saya satin nan, mu ga inda ɓarnar take."

Wallahi da sati ya cika kunya ce ta kama ni. Ɗan ƙullin manja da safe, magi da rana, niƙa sau huɗu. Babbar asarar kuwa tawa ce: duk ranar da ban kawo cefane da wuri ba, sai in aika a sayo taliya ko biredi.

Yanzu duk daren Juma'a muke zama mu tsara satin. Dare tuwo ne, miyar kuka yau, gobe busasshiyar kuɓewa, safiya ɗumame ko koko. Rana kuwa ɗanwake sau biyu, fate sau biyu, dambu da zogale, dankali da ƙuli, sai Juma'a garau-garau don yara su san ranar daban ce. Cefane sau ɗaya ranar kasuwa: manja da kwalba, wake da kwano, daddawa ta sati. Niƙa ma sau ɗaya. Da rani, lokacin da tumatirin masu noman rani na dam ɗin Challawa ya yi araha, sai ta yanka ta shanya kauɗa, ita ke fitar da mu da damina.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: ba za a taɓa rabon baƙo da almajiri ba. Na amince.

Tsadar tana nan, takarda ba ta sauke farashi. Amma wata uku ke nan ban ci bashin mai kanti ba, kuma faɗan cefane ya ƙare. Magidanta, kafin ku ɗora wa matanku laifi, ku rubuta na sati ɗaya ku gani.

Allah Ya kawo mana sauƙi.