Ƙofar Kwano Ba Garkuwa Ba Ce

Yawancin ɗalibaina a nan Tajaye sun ɗauka duk abin da ake kira ƙarfe yana tare harsashi. In ka tambaye su inda za su ɓuya idan sun ji ƙarar bindiga, sai su ce bayan ƙofar kwano. Wannan amsa tana tayar mini da hankali, domin tun harin Tiliya na watan Maris 2021, wanda ya ci rayuka 137 a jiharmu ta Tawa, ba mai cewa zancen bindiga ya yi mana nisa.

Nakan fara musu bayani da sanholo, wato alminiyom ɗin da maƙera ke zuba tukwane da shi. Ƙarfe ne mai taushi. Yana narkewa a zafin digiri 660, shi ya sa gawayi da zugazugi ke isarsa. Harsashin kalashi kuwa, mai nauyin kusan giram 8, yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa ɗaya.

Akwai kuma harsashin da aka ƙera don huda sulke. A cikin rigarsa ta jan ƙarfe akwai ƙwaya mai tsini, mai tsananin tauri. Da ya bugi farantin sanholo, rigar takan tuɓe a bakin ramin, ƙwayar ta wuce. Duk ƙarfin bugun yana taruwa a kan tsinin, sai sanholon ya buɗe gefe da gefe, kamar yadda basillar baduku ke ratsa fata.

Gaskiya ne sojoji na yin sulke da sanholo. Motar yaƙin Amurka M113, wadda ta fara aiki a 1960, da shi aka yi jikinta. Amma kaurinsa ya haura santimita 3 a wasu sassa, kuma duk da haka manyan bindigogi na huda shi. Kwanon ƙofofinmu, na sanholo ne ko na baƙin ƙarfe, galibi bai kai milimita 1 ba. Harsashi gama-gari ma zai ratsa shi.

Saboda haka, iyaye da 'yan uwana malamai, mu koya wa yara abu uku. In sun ji harbi, su kwanta ƙasa nan take. Su nisanci ƙofa da taga, su rarrafa zuwa gindin katangar laka mai kauri, domin ta fi kwano kariya nesa ba kusa ba. Kada su fita kallo, kada kuma su taɓa harsashin da suka gani a yashe. Mu riƙa gwada wannan tare da su a aji da tsakar gida har jikinsu ya saba. Allah ya tsare mana su.