Jiragen Katako a Ƙasar Rairayi

A duk faɗin Wadil Bawanis, daga Tamanhint zuwa Samnu har nan Zighan, babu ruwan da zai ɗauki kwale-kwale ko da na mutum ɗaya ne. Ruwanmu a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an haƙa, an sa inji ya jawo shi, ya kwarara gindin dabino ya ɓace. Teku kuwa tana can arewa, mai barin Sabha zuwa Tarabulus sai ya ci fiye da kilomita 700 kafin iskarta ta taɓa fuskarsa. Duk da haka mu 'yan tsiraru daga cikin Hausawan wannan yanki mun ɗauki wata ɗabi'a da maƙwabta ke kallo suna murmushi. Idan an tashi daga aiki, ko ranar Juma'a bayan la'asar, mukan zauna a inuwa da wuƙa da ɗan zarto da magagari, muna sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na katako, kowanne bisa awon wani jirgi na gaskiya da ya taɓa hawa ruwa. Masu barkwanci kan tambaye mu ko an yi mana albishir da ruwan ɗufana ne, mu kuma mu ce ai wanda ya fara sassaƙa jirgi a kan tudu ma dariyar aka yi masa.

Cikinmu akwai kafinta ɗaya, shi ne malaminmu. Sauran akwai mai gyaran injin ban ruwa, da direba, da mai tsaron shago. Ba mu da ƙungiya, ba mu da suna, kuma ba ma sayar da abin da muka yi. Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen wannan shafi shi ne kalmar jirgi kanta, da abin da ta zama a kunnen 'ya'yanmu.

A Hausa jirgi na ruwa ne tun asali. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai aka aro sunan aka ce jirgin ƙasa. Da na sama ya sauka a Kano a 1925, aka sake aro shi. Wato kakanninmu da suka ga waɗannan abubuwan mamaki, da abin da suka sani a bakin gulbi suka auna su. Amma yaron da aka haifa a Sabha ko Zighan, in ya ji manya sun rage murya suna maganar jirgi, ya san wanda ake nufi: kwale-kwalen roba da ake hurawa a bakin teku a Zuwara ko Sabrata, a cusa masa mutane har ya dusa, a tura shi cikin dare. Garinmu zango ne a kan wannan hanya. Daga Agadas ake tasowa, a bi ta Dirku da Madama da Gaɗrun, a sauka Sabha, kuma babu gidan Bahaushe a nan da bai taɓa ba wani matafiyi ruwa ba, ko ya karɓi wayar wata uwa daga Damagaram ko Kano tana cigiyar ɗanta. A watan Oktoba na 2013 jirgin da ya tashi daga Misrata ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa, mutum fiye da 360 suka halaka. A Afrilun 2015 wani ya kife da kusan mutum 800. Waɗannan su ne aka ƙidaya aka buga a jarida. Mu a nan mun fi sanin waɗanda wayarsu kawai ta daina shiga.

To, yaron da bai san wani jirgi ba sai wannan, an rage masa gado. Domin mutanen da ya fito daga cikinsu sun san ruwa. Akwai Sarkawa masunta a Yawuri da bakin Kwara, akwai Kabawan Argungu da ke faɗawa Matan Fada da gora da koma, bikin da ake yi tun 1934, akwai Hausawan da suka cika Baga da tsibiran Tafkin Chadi suna kamun kifi suna banda. A can mai fito mutum ne mai daraja, Sarkin Ruwa kuwa sarauta ce da ake naɗawa.

Jirgin da kowane sabon shiga cikinmu yake farawa da shi na Dufuna ne. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe a yau, ba nisa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kusan mita 5. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, shi kuwa da ya tona sai ya iske jirgi. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka fito da shi, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000 ko kusa da haka. Ba a san wani jirgi da ya girme shi a nahiyar Afirka ba, a duniya ma 'yan kaɗan ne. Yanzu yana Damaturu. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, an fafe shi daga gungume ɗaya na dangin maɗaci, baki da gindi duk an fiƙe su da kyau.

Ga yadda awon yake. In za a rage shi sau 20, tsawon zai dawo santimita 42, faɗin santimita biyu da rabi, kaurin jiki kuwa milimita biyu da rabi kacal. A wannan kaurin ake gane haƙurin mutum. Tsawo da faɗi rula ce ke ba da su, amma fafe cikin har bangon ya zama siriri haka ba tare da wuƙa ta ɓulla ba, wannan sai yatsa. Malaminmu kafinta yakan sa mu ɗaga itacen mu duba shi a hasken rana: inda haske ya fara ratsowa, a tsaya. Mu muna da ƙarfe mai kaifi da takardar goge katako, kuma mukan kwashe makonni a kan ɗan guntun da bai kai kamu biyu ba. Wanda ya yi na ainihin ba shi da gizagon ƙarfe, domin ba a fara narka tama ba a zamaninsa, da dutse ya yi. Duk wanda ya gama na Dufuna a cikinmu, maganar da yake yi a kan mutanen dā takan canza.

Abin da ya fi kama mu a labarin nan shi ne, a zamanin da ake tuƙa wannan jirgi, ita ma Fazzan ba haka take ba. Wanda ya je Wadi Matkhandush a tsaunin Masak ya ga zanen da aka sassaƙa a jikin duwatsu: raƙumin dawa, giwa, har da kada. Mutum ba ya zana kada bai gan shi ba. Tafkunan gishirin da suka rage a cikin rairayin Ubari, irin su Gabar'aun da Ummul Ma, ragowa ce ta ƙasar da ta taɓa jiƙewa. Saboda haka idan muka ajiye ɗan jirgin Dufuna a kan tabarma a Zighan, ba ma jin mun kawo baƙon abu.

Kuma jirgin katako na gaskiya ya taɓa ratsa Fazzan a bayan raƙumi. A 1850 Turawa uku, James Richardson da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg, suka taso daga Tarabulus da jirgin da aka ƙera a Malta, aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka bi da shi ta Murzuƙ. A 1851 aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Chadi, Overweg ya shiga da shi tsibiran Buduma, mutanen da nasu jiragen da ciyawar tafki suke ɗaure su. Shi Overweg a can ya rasu a 1852. Cikin yaran da ya 'yanta akwai wani Bahaushe, Dorugu, daga ƙasar Damagaram, wanda ya biyo Barth a 1855 suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuƙ, suka nufi Sukna, hanyar ayarin da tun dā take ratsa wannan kwari namu. A Tarabulus ya shiga jirgin ruwa, ya je Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, daga baya ya komo gida. Mukan ba yara wannan labari sau da yawa, musamman ƙarshensa, komowar.

Daga jirgin gungume ɗaya sai a wuce zuwa na falankai, a nan ne aikin ke zama lissafi. Sai an fara kafa ƙashin baya, a jera haƙarƙari a kansa, sannan a lulluɓe da siraran katakai ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan sunaye mu muka ba su daga jikin dabba, kuma sun zauna daram. Katako ba ya lanƙwasa da ƙarfi. Mukan tara shi a bakin butar shayi tururi ya ratsa shi, a lanƙwasa a hankali, a ɗaure da zare a bar shi ya kwana. Wanda ya yi gaggawa zai ji ƙas, aikin kwana uku ya tafi. Gwaninmu a wannan fanni, wanda ba mu taɓa gani ba, shi ne Hajji Ahmad Yusuf na Masar. A 1954 aka gano jirgin Fir'auna Khufu a wani rami kusa da babbar dala ta Giza, a wargaje, gunduwa 1,224 na itacen al'ul, babu ƙusar ƙarfe, da igiya ake ɗinke shi. Ahmad Yusuf ya shafe shekaru yana zama da maƙera jiragen bakin Nilu, yana yin ƙananan samfura yana gwadawa, kafin ya mayar da jirgin mai tsawon fiye da mita 43 yadda yake. Duk wanda ya ce mana wannan wasan yara ne, da shi muke ba shi amsa.

Ƙasarmu ba ta taimakon mai wannan aiki. Gangar dabino zare-zare ce, ba ta karɓar wuƙa. Itacen ƙayar daji yana da tauri da karkacewa. Yawanci da akwatunan kayan marmari da ragowar katakon ƙofa daga shagon malaminmu muke aiki. Bushewar iska tana tsaga katako a dare ɗaya, gam yana daskarewa kafin ka daidaita falanki, in kuwa gibli ta taso ranar da ka shafa fenti, jirginka zai fito da fatar guza. Dauke wuta ba ya damun mu sosai, tunda aikin hannu ne.

Muna da saɓani a tsakaninmu, kuma ba mu warware shi ba. Wasu na ganin jirgin da aka gama sai a ajiye shi a kan kanta, kada ruwa ya taɓa shi. Wasu na cewa abin da bai hau ruwa ba akushi ne mai tsini. Masu wannan ra'ayi kan kai nasu tafkin siminti da ake tara ruwan ban gona, yara na biye. Mu da muke wannan rubutu muna tare da su, domin a kan ruwa ne yaro ke ganin abin da baki ba ya iya gaya masa. Yana zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya, yana kallon bakin jirgin na matsowa kusa da ruwa, har tsakuwar da za ta sa ya nutse. Ba ma yi masa wa'azi a wurin. Ya riga ya ƙirga da hannunsa.

Saɓanin da ya fi wannan nauyi daga iyaye mata ya zo. Wata daga cikinsu, wadda ƙaninta ya bi hanyar arewa shekaru da suka wuce, ta aiko mana cewa kada mu sa wa ɗanta sha'awar ruwa. Ba mu yi musu da ita ba, kuma ba mu sake kiran yaron ba, domin ita ta san abin da ta binne ba tare da gawa ba. Amma a ganinmu abin da ke tura matasa bakin teku rashin takarda ne da rashin aiki, da zaman da mutum zai yi a ƙasar da aka haife shi ana tambayarsa daga ina ya zo. Guntun katako bai ƙara ko ya rage wannan ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne, yaran da ke zama tare da mu, waɗanda Larabci ya fi sauƙi a bakinsu, sun koma suna cewa filafili da fito da gizago, suna gardama a kan ko kwami ake cewa ko komi. Wani dattijo mutumin Yawuri da ya daɗe a Sabha ya zo kallo sau ɗaya, ya ɗauki ɗan jirgi ya juya shi, ya ce gindin ya cika faɗi, haka ba zai yanki ruwan Kwara ba. Daga nan ya zauna har magariba yana ba yara labarin yadda ruwan madatsar Kainji ya haɗiye tsohuwar Busa a 1968, alhali 'ya'yansa sun ce ba su taɓa jin ya yi zancen gida da tsawo haka ba.

Aikin da ke gabanmu yanzu shi ne sake yin na Dufuna da irin itacensa na asali, ba da akwatin tumatir ba. Maɗaci ba ya fitowa a Fazzan. Saboda haka muna roƙon 'yan uwa masu karanta wannan shafi, duk wanda zai dawo daga gida, Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ya riƙo mana guntunsa busasshe, mai tsawon rabin mita, marar tsaga, marar ƙulli. A bar shi a wurin Hausawan kasuwar Sabha, a ce na masu jirgi ne na Zighan, zai iso mu.