Golf wasa ne, ko yawon masu kuɗi?

 Tun da muka saka ɗan labarin golf cikin shirin wasanni, gardama ba ta kwanta ba. Wasu na ganin mun ɓata musu mintoci da ya kamata a ba kokowa ko balo. Wasu kuma sun ce golf ba wasa ba ne sam, manyan mutane ne ke shan iska da sanda a hannu, wani yaro na biye da su da jaka.

Mu fara da harshenmu, don shi ma yana da hannu cikin rikicin. A lakkol an raba mana "jeu" da "sport". A Hausa kuwa duk wasa ne: dara wasa, langa wasa, kokowa wasa, har tsokanar da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa muke ce mata. To kun ga ba wanda zai hana golf wannan suna. Abin da masu gardama ke nufi shi ne: ana motsa jiki a ciki har a sa shi layi ɗaya da dambe?

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalla a tele ba. Fili ne mai ramuka 18. Ƙwallon ba ta kai ƙwan kaza girma ba, nauyinta bai wuce giram 46 ba, ramin kuma faɗinsa bai cika santimita 11 ba. Mai wasa na da iznin riƙe sanduna 14, kowace da aikinta. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Manyan gasanni kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan, kuma kowace rana mutum zai taka wajen kilomita takwas a ƙasa. Gwanayensu na tura ƙwallo kusan mita 270 da bugu guda, wato tsawon filin balo biyu da rabi har da ɗoriya.

Wannan tafiyar ƙasa har kotu ta kai mutane a Amurka. Wani ɗan wasa, Casey Martin, an haife shi da ciwon jijiyoyin jini a ƙafar dama, doguwar tafiya na wahalar da shi ƙwarai. Ya roƙi a bar shi ya riƙa hawa ƴar motar fili daga rami zuwa rami, masu shirya gasar PGA Tour suka ƙi. Tsofaffin zakaru irin su Jack Nicklaus da Arnold Palmer suka ba da shaida cewa gajiyar tafiya na cikin wasan. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Martin gaskiya, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu. Hujjarsu ita ce zuciyar golf bugu ne da saiti, tafiya ba ita ce wasan ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kanta.

Masu cewa babu wahala a golf, su tambayi gwiwar Tiger Woods. A 2008 ya ci gasar US Open da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hagu da tsagewar ƙashi a ƙafar, bayan ramuka 91, don sai da aka yi ƙarin rana kafin a raba gardama. Bayansa kuwa an yi masa aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Murɗa ƙugu da ƙarfi sau dubbai yana da farashi.

Amma fa masu suka ba su rasa abin faɗi ba. Phil Mickelson ya ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu a 2021 yana da shekara 50. Tom Watson saura ƙiris ya ci ta Birtaniya a 2009 yana da 59. A filin kokowa, mai shekara 59 sai dai ya zauna cikin ƴan kallo ko ya riƙe wa yaronsa layu. Wannan gaskiya ce, ba mu musu.

Sai dai kafin mu yi dariya da yawa, mu leƙa unguwanninmu da la'asar. Daga Yamai har Tawa, ina ne ba a buga petanki? Mutum na tsaye cikin ɗan da'ira, ƙafafu a haɗe, ya jefa ƙarfe mita shida zuwa goma, ya koma ya kurɓi shayi. Ba gudu, ba tsalle. Amma ba mu taɓa jin wani ya kira rediyo ya ce a cire petanki daga shirin wasanni ba. Mun san wuyar harbo ƙarfen abokin hamayya daga mita tara alhali maki 12 da 12 ne, jama'a sun yi tsit, hannu na rawa. To wannan rawar hannun ita ce golf, saitin nan da alƙalan Amurka suka faɗa. Wanda ya karɓi petanki ya kori golf, wallahi ba maganar zufa yake yi ba.

Abin dariya ma, petanki ta nemi shiga wasannin Olimpik na Paris 2024, a ƙasar da aka haife ta, ba a ɗauke ta ba. Golf kuwa yana ciki. An buga shi a 1900 da 1904, ya ɓace shekara 112, ya komo a Rio a 2016. Rio ɗin nan dai da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo mana azurfa a taikwando, lambarmu ta biyu tun tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972. Azurfar da aka rataya wa Alfaga bayan ya sha shuri a ƙirji, irinta aka rataya wa Henrik Stenson na Suwidin da ya zo na biyu a golf. Mu ma abin na ɗan sosa mana rai, ba za mu ɓoye ba.

A ganinmu abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne ƙofar shiga. Kokowa rairayi take so da walki. Balo, ko na tsumma ne yara za su buga. Petanki, fada guda na iya haɗa kuɗi ta sayi ƙarafa, kowa ya jefa. Golf kuwa sai sanduna masu tsada, sai kuɗin kulob, sai fili mai faɗin gonaki da yawa. A ƙasashen da ake shimfiɗa masa ciyawa, ruwan da yake sha kaɗai ya isa ya tayar wa mutumin Damagaram hankali, shi da ya san layin jarkoki a bakin famfo cikin watan Afrilu. Filin da ke wajen Yamai, na Rio Bravo, a kan rairayi ake bugawa, amma ku faɗi gaskiya, cikin masu karanta wannan rubutu mutum nawa suka taɓa taka shi? Ɗan unguwar da zai shiga irin wannan wuri galibi jakar wani zai ɗauka. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma mun fi son a yi shi da sunansa, a ce wasa ne da ya rufe ƙofa, maimakon a ce ba wasa ba ne.

Saboda haka ga abin da muka tsayar a shirin. Golf zai samu mintinsa idan manyan gasanninsa huɗu sun zo, daga Afrilu zuwa Yuli, da lokacin Olimpik. Ba zai shiga gaban kokowa ba, ba zai shiga gaban Mena ba, kuma sakamakon petankin unguwanni za a karanta kafin nasa. Idan lokacin gasar Takobi ya zo kuwa, ko Tiger Woods da kansa ya kira mu, sai ya jira a gama karawar ƙarshe.